Tsohon Mashayi, Lasisi da Kuɗin Gwamnati: Tarihin Wata Gardama a Amurka

A shekarar 1954 hukumar ɗaukar ma'aikata ta jihar Minesota, a arewacin Amurka, ta ƙara wani sabon muƙami a jerin ayyukan gwamnati: mashawarci kan matsalar shan barasa. Waɗanda aka buɗe wa wannan ƙofa ba su yi karatun likita ba. Tsofaffin mashaya ne, mutanen da giya ta taɓa raba su da aiki da iyali da mutunci, suka samu suka farfaɗo, suka kuma daɗe ba su koma ba. Wahalar da suka sha ita ce takardar shaidarsu.

Shekara saba'in bayan haka, ranar 1 ga Janairun 2024, Medicare, wato inshorar lafiyar da gwamnatin tarayyar Amurka ke yi wa tsofaffi da naƙasassu, ta fara biyan mashawarta kan lafiyar ƙwaƙwalwa kai tsaye, har da masu aiki da 'yan shaye-shaye idan sun cika sharuɗɗa. Sharuɗɗan kuwa su ne digiri na biyu, da amincewar jiha a rubuce, da aikin shekara biyu ko awa 3,000 ƙarƙashin kulawar wani babba. Da mutanen 1954 za su dawo duniya su nemi wannan aiki, da wuya a samu wanda zai tsallake.

Abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru biyu shi ne batunmu na wannan mako. Tambayoyi biyu ne suka riƙa maimaita kansu: wa ya cancanta ya zauna da mutumin da jarabar giya ko ƙwaya ta kama ya taimake shi, kuma wa zai biya shi? Amsar ta biyu ce kusan kullum ke yanke hukunci a kan ta farko. Maganar kuwa ta rai ce, domin a shekarar 2021 kaɗai Amurkawa sama da 100,000 ne suka mutu sakamakon shan ƙwaya fiye da kima.

Lokacin da asibiti ke rufe ƙofa

Kafin a fahimci yadda tsohon mashayi ya zama ma'aikacin lafiya, sai an san yadda likitoci suka bar fagen. A 1914 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar Harrison don sa ido kan sayar da ofiyom da hodar iblis da danginsu. A 1919 Kotun Ƙoli ta fassara dokar da cewa likitan da ke rubuta wa mai jaraba ƙwaya don kawai ya kwantar masa da ƙishirwarta ya saɓa doka. Dubban likitoci aka gurfanar a shekarun da suka biyo baya, sauran kuma suka shafa wa gemunsu ruwa, suka daina karɓar irin waɗannan marasa lafiya.

Ta ɓangaren barasa ma haka. Da aka haramta sayar da giya a faɗin ƙasar a 1920, yawancin gidajen jinyar mashaya da aka gina tun ƙarni na 19 sun rufe, bisa zaton cewa matsalar ta ƙare. A 1933 aka soke haramcin, giya ta dawo kasuwa, gidajen jinya ba su dawo ba. Makomar mashayi a lokacin ita ce ɗakin tsare mutane na 'yan sanda ko gidan mahaukata na jiha. Mai jarabar ƙwaya kuwa, daga 1935, ana iya kai shi wata cibiyar gwamnatin tarayya a Lexington ta jihar Kentaki, wadda rabinta asibiti ne rabinta kurkuku.

A wannan shekara ta 1935 ne wasu mashaya biyu suka haɗu a garin Akron na jihar Ohayo: Bill Wilson, dillalin hannun jari daga New York, da Bob Smith, likitan tiyata. Abin da suka gano shi ne mashayi yana sauraren ɗan'uwansa mashayi ta hanyar da ba ya sauraren limamin coci ko alƙali ko matarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga haɗuwarsu aka haifi ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da ƙungiyar ta amince da su a 1950 shi ne taimakon da ɗan ƙungiya ke yi wa ɗan'uwansa ba sana'a ba ne, ba a karɓar lada a kansa. Abin mamaki, daga cikin wannan ƙungiya da ta ƙi mayar da taimako sana'a ne sana'ar ta fito.

A gefe guda kuma Marty Mann, ɗaya daga cikin matan farko da suka daina sha ta hanyar AA, ta kafa wani kwamiti na ƙasa a 1944 don wayar da kan jama'a cewa jarabar barasa cuta ce, mai ita kuma marar lafiya ne da ake iya taimaka wa. Sai a 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta yarda da hakan a hukumance, ta kuma nemi asibitoci su riƙa kwantar da mashaya kamar kowa.

Hanyoyi biyu, Willmar da Synanon

A asibitin gwamnati na Willmar a Minesota, shugaban asibitin Nelson Bradley da wani matashin masanin halayyar ɗan Adam, Dan Anderson, sun fuskanci ɗaruruwan mashaya da ma'aikata ƙalilan. Suka buɗe ƙofofin da a da ake kullewa, suka haɗa likita da ma'aikacin jinya da malamin addini da tsohon mashayi a tawaga guda. Su ne suka matsa har jihar ta samar da muƙamin 1954. Wannan tsari, tare da na cibiyar Hazelden da aka kafa a 1949, shi ne ya shahara da sunan tsarin Minesota, wanda daga baya ya zauna a kan kwanciyar kwana 28. Ɗan AA da ya karɓi irin wannan aiki sai aka riƙa ce masa mai hula biyu, domin da rana ma'aikaci ne mai albashi, da dare kuma ɗan ƙungiya ne kamar kowa.

Masu jarabar ƙwaya sun bi wata hanya dabam. A 1958 Charles Dederich, wanda shi ma ya ratsa ta AA, ya kafa Synanon a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, gidan da masu shan hiroyin ke zaune tare suna gyara junansu ba likita ba magani. Makaminsu shi ne zaman da'ira inda ake zazzaga wa mutum laifinsa a gaban kowa har sai ya karaya. Gidaje irin su Daytop da Phoenix House a New York sun ɗauki wannan salo, kuma akasarin ma'aikatansu waɗanda suka gama zaman gidan ne.

Ƙarshen Synanon bai yi kyau ba. Ta rikiɗe ta zama ƙungiyar da ke yi wa shugabanta biyayya makauniya, ana aske wa mutane kai, ana raba ma'aurata, ana dukan waɗanda suka yi ƙoƙarin fita. A 1978 wasu 'yan ƙungiyar suka saka maciji mai dafi a akwatin wasiƙun wani lauya da ya yi nasara a kansu a kotu, macijin ya sare shi, da kyar ya sha. Duk wanda zai yi suka ga tsarin lasisi, wajibi ne ya tuna da wannan labari. Mutumin da ya zo neman magani yana cikin mafi raunin halinsa, sau da yawa iyalinsa sun gaji da shi, kuma idan aka zalunce shi ba mai gaskata shi. Kyakkyawar niyya da tsohuwar wahala ba su isa su kare shi daga mai kula da shi ba.

Sanatan da ya taɓa zama mashayi

Kuɗin gwamnati mai tsoka ya shigo fagen ne ta hannun Harold Hughes, tsohon direban babbar mota wanda giya ta kusa hallaka shi, ya daina, ya zama gwamnan jihar Iowa, sannan sanata a 1969. Ya shirya zaman jin ba'asi a majalisar dattawa inda Bill Wilson da Marty Mann suka ba da shaida. Dokar da ta fito, wadda ake kira da sunansa, Shugaba Richard Nixon ya sa mata hannu ranar 31 ga Disambar 1970. Ita ce ta kafa cibiyar ƙasa ta nazarin matsalar barasa, ta kuma fara tura wa jihohi kuɗin buɗe wuraren jinya.

Wata shida bayan haka, a Yunin 1971, labarin yadda hiroyin ta yaɗu cikin sojojin Amurka a Biyetnam ya sa Nixon ya ayyana shaye-shaye a matsayin babban abokin gabar al'umma. Ana tuna wannan jawabi a matsayin farkon yaƙi da ƙwaya, amma a shekarun farko kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi ne ga magani, ƙarƙashin jagorancin likitan ƙwaƙwalwa Jerome Jaffe. An faɗaɗa asibitocin ba da methadone, maganin da Vincent Dole da Marie Nyswander suka nuna a tsakiyar shekarun 1960 cewa yana kwantar da ƙishirwar hiroyin har mutum ya iya komawa aiki.

Cikin 'yan shekaru aka buɗe dubban cibiyoyi, ba kuma isassun likitoci ko masana da ke son aikin. Aka ɗebi tsofaffin mashaya, wasu ba su fi 'yan watanni da dainawa ba, aka ba su ofis da tulin fayil. Wasu sun yi fice. Wasu sun koma ruwa, wasu sun ƙulla alaƙar da ba ta dace ba da waɗanda suke kula da su, domin ba wanda ya koya musu iyakar aikin. Su kansu mashawartan ne suka fara neman a tsara sana'ar, don su kare marasa lafiya, don kuma a daina yi musu kallon 'yan taimako. A 1972 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda a yau ake kira NAADAC. A 1981 hukumomin tantancewa na wasu jihohi suka haɗu suka kafa gamayyar IC&RC don takardar da aka samu a wata jiha ta yi aiki a wata. Daga nan aka fitar da ginshiƙan aiki goma sha biyu da ake jarraba kowa a kansu, tun daga tantance mai shigowa da tsara masa jinya har zuwa kwantar da tarzomar gaggawa da ajiye bayanai.

Bambancin lasisi da takardar shaida

A nan akwai wani bambanci da ke kama da ƙaramin abu, alhali shi ne ƙashin bayan rikicin. Takardar shaida tana cewa wannan mutum ya yi horo ya ci jarrabawa, kuma sau da yawa wata hukuma mai zaman kanta ce ke bayar da ita. Lasisi kuwa dokar jiha ce ke bayar da shi. Shi ke fayyace abin da mutum ke da ikon yi, kamar tabbatar da cutar da ke damun marar lafiya ko buɗe ofishin kansa, yana kuma hana wanda ba shi da shi yin aikin ko amfani da sunan.

Tsarin mulkin Amurka ya bar wa jihohi ikon tsara sana'o'i, don haka kowace jiha ta yi nata. A New York mai neman takardar mashawarci yana buƙatar awa 350 na karatu da awa 6,000 na aiki idan ba shi da digiri, wato kimanin shekara uku cur. A Texas akwai lasisi, ana neman shaidar karatun kwaleji na shekara biyu da awa 4,000 na aiki ƙarƙashin kulawa. A Kalifoniya, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, takardar shaida ake bayarwa, ba lasisi ba. Wasu jihohin sun yi matakala, daga mai shaidar sakandare har zuwa mai digiri na biyu, kuma na saman ne kaɗai ke iya aiki da gashin kansa. Ko sunan muƙamin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Likita likita ne a ko'ina, amma mashawarcin da ya ƙaura daga wata jiha zuwa maƙwabciyarta yana iya tarar da cewa shekarunsa goma na aiki ba su ƙidayu ba.

Shin digiri yana sa mashawarci ya fi iya aiki? Binciken da aka yi ta yi tun shekarun 1980 bai nuna cewa tsohon mashayi ya fi wanda bai taɓa sha ba samun nasara, bai kuma nuna cewa yawan takardu kaɗai na tabbatar da ita ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne mashawarta sun bambanta ƙwarai da juna, kuma waɗanda ke sauraro da tausayawa sun fi masu tsawa da ƙure mutum samun sakamako. Wannan ne ya haifi salon tattaunawar zaburarwa da William Miller na Jami'ar New Mexico ya bayyana a 1983. Duk da haka masu goyon bayan ƙarin karatu suna da hujja mai ƙarfi: da yawa daga masu jaraba suna fama da wata cutar ƙwaƙwalwa a lokaci guda, kamar tsananin damuwa ko firgicin da wani bala'i ya bari, kuma wanda bai san alamunta ba zai iya barin mai shirin kashe kansa ya fita daga ofishinsa.

Wanda ke riƙe da jaka

Medicaid, inshorar lafiyar talakawa, an kafa ta ne a 1965 tare da Medicare a zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Gwamnatin tarayya da jihohi ne ke haɗa kuɗin, tarayya na biyan aƙalla rabi, jiha kuma ita ke tsara wa za a biya da nawa. Shekaru da dama wannan inshora ba ta da wani babban tasiri a jinyar shaye-shaye, saboda dalilai uku.

Na farko, talaka baligi marar 'ya'ya ƙanana kuma marar naƙasa ba ya cikinta a yawancin jihohi, alhali shi ne mafi yawa a layin neman magani. Wata 'yar kafa da ake bi ita ce a ɗauki jaraba a matsayin naƙasa, sai majalisa ta toshe ta a 1996, abin da ya shafi mutum kimanin 200,000. Na biyu, dokar 1965 ta hana amfani da kuɗin tarayya wajen kwantar da baligai 'yan ƙasa da shekara 65 a cibiyoyin cututtukan ƙwaƙwalwa, don kada jihohi su ɗora wa tarayya nauyin tsofaffin gidajen mahaukatansu. A 1988 aka sassauta wa cibiyoyi masu gado 16 zuwa ƙasa, wanda ya sa duk gidan jinyar shaye-shaye mai gado 17 ya rage a waje. Na uku, kuɗin da ke riƙe da fagen yana zuwa ne ta wata hanya: dunƙulallen tallafi da gwamnatin Ronald Reagan ta fara ba jihohi a 1981, su kuma su raba wa cibiyoyi.

Bambancin tallafi da inshora shi ne ya sauya fuskar sana'ar. Tallafi yana biyan cibiya ta yi aikin shekara, bai cika damuwa da wane ne ya zauna da wane ba, sai dai idan ya ƙare ya ƙare, sauran mutane su jira. Inshora tana biyan kowane zama ɗaya-ɗaya, kuma kafin ta biya sai ta ga sunan cuta da lambarta, da tsarin jinya a rubuce, da sa hannun wanda doka ta sani. Mashawarta sun ɗanɗana wannan a hannun kamfanonin inshora masu zaman kansu. A shekarun 1980, musamman bayan matar tsohon shugaban ƙasa Betty Ford ta bayyana jinyarta ta kuma buɗe cibiya a 1982, kwanciyar kwana 28 ta zama kasuwa mai riba. Zuwa farkon shekarun 1990 kamfanonin suka ɗaure bakin jaka, suka rage kwanaki, suka fara tambayar takardun ma'aikata. Cibiyoyi da yawa sun rufe, waɗanda suka rage kuma suka koma neman masu digiri.

A Medicaid akwai manyan ƙofofi biyu da aikin mashawarci ke bi a biya shi. Ɗaya ta ma'aikatan lafiya masu lasisin jiha ce, waɗanda za su iya yin rajista su karɓi kuɗi da sunansu. Ɗayar ta ayyukan farfaɗo da marar lafiya ce, inda marar lasisi zai iya yin aikin, amma sai likita ko wani mai lasisi ya ba da umarni, kuma cibiya ce ke karɓar kuɗin. A jihohi da dama ƙofa ta biyu kaɗai ce a buɗe ga mashawarcin shaye-shaye. Sakamakon haka a bayyane yake a karkara: ƙaramar hukumar da ba ta da cibiya ba ta da magani, ko da kuwa akwai ƙwararren mashawarci a garin, domin ba shi da hanyar buɗe ofis ya karɓi talakawa a biya shi.

Ga kuma ƙarancin kuɗin. Wani ƙiyasi na 2019 ya nuna Medicaid na biyan likitoci kimanin kashi 72 cikin ɗari na abin da Medicare ke biya a kan aiki iri ɗaya, mashawarci kuwa yana can ƙasan likita a jeri. Cibiyar da ke dogaro da wannan kuɗi ba ta iya biyan albashin kirki. Wani bincike da aka buga a 2010 ya gano kusan ɗaya cikin kowane mashawarta uku na barin wurin aikinsa a shekara. Wanda ya ci bashi ya yi digiri na biyu yakan ga gara ya nemi lasisin mashawarcin lafiyar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, ya koma inda ake biya da kyau. Wanda ba shi da halin karatun, ko wanda tsohon laifi na zamanin shaye-shayensa ke bin sa a takardun kotu, ya tsaya a matakin ƙasa.

Annoba ta tilasta gyara

Dokar daidaita inshora ta 1996 ta shafi cututtukan ƙwaƙwalwa amma ta tsallake shaye-shaye. Sai a 2008 dokar da ke ɗauke da sunayen sanatoci Paul Wellstone da Pete Domenici ta hana kamfanonin inshora tsananta wa jinyar shaye-shaye fiye da sauran cututtuka. A 2010 dokar lafiya ta Shugaba Barack Obama ta sa wannan jinya cikin abubuwan da dole inshora ta ɗauka, ta kuma faɗaɗa Medicaid daga 2014 zuwa ga duk baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba. Kotun Ƙoli ta ce a 2012 ba za a tilasta wa jihohi ba, amma zuwa yanzu jihohi 40 da babban birnin ƙasar sun karɓa.

Wannan ya zo daidai da annobar magungunan kashe zafin ciwo, wadda ta faro bayan fitowar OxyContin a 1996, ta koma hiroyin, ta ƙare a fentanil. Medicaid ta wayi gari tana ɗauke da kusan huɗu cikin goma na baligan da ke fama da wannan jaraba. Daga 2015 gwamnatin tarayya ta fara ba jihohi izini na musamman su tsallake ƙa'idar gado 16, Kalifoniya ce ta fara samu. Dokar 2018 ta wajabta wa Medicaid a kowace jiha biyan magunguna irin su methadone da buprenorphine tare da shawarwarin da ke tafiya da su. Ita wannan doka ta kuma haramta cinikin marasa lafiya, bayan abin kunyar da ya faru a kudancin Filorida, inda wasu gidajen jinya ke biyan dillalai su kawo musu matasa masu inshora mai kyau, a tatse ta, a sake su, su koma sha, a sake kwantar da su.

Kuɗi ya samu, sai aka rasa ma'aikata. A nan ne tarihi ya zagayo. Tun 1999 jihar Jojiya ta samu amincewar Medicaid ta biya waɗanda suka taɓa fama da cutar ƙwaƙwalwa su tallafa wa 'yan'uwansu, kuma a 2007 hukumar tarayya ta rubuta wa dukkan jihohi cewa za su iya yin haka, har a fagen shaye-shaye, muddin akwai horo da takardar shaida da kulawar ƙwararre. A yau mafi yawan jihohi na biyan waɗannan abokan tafiya. Su ne ke zuwa sashen gaggawa su zauna da wanda aka farfaɗo da shi, su raka shi cibiya, su kira shi a waya idan ya ɓace. Aikin mutanen Willmar ne aka dawo da shi da sabon suna, a mataki mafi ƙarancin albashi.

Abin da ya shafe mu

Wannan tsari bai tsaya a Amurka ba. Manhajar horar da masu jinyar shaye-shaye da ƙungiyar Colombo Plan ke yaɗawa da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, tare da jarrabawarta da takardar shaidarta, ta iso ƙasashen Afirka har da Nijeriya. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. A 2019 kuma mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina, inda iyaye suka kai 'ya'yansu da hannunsu saboda ba su ga wani wurin ba. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya, a farkon 2023 kuma aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Ke nan tambayoyin da Amurka ta yi shekara saba'in tana juyawa sun iso ƙofarmu. Tarihinta ya nuna cewa barin fagen ba tsari yana haifar da irin Synanon, ɗaga sharaɗi sama ba tare da ɗaga lada ba kuma yana korar ma'aikata, kuma takardar da mai biyan kuɗi bai san da ita ba ba ta ciyar da mai ita. Duk wanda ke zaune a kwamitin da zai rubuta jerin ayyukan da inshorar jiharsa za ta biya, yana da kyau ya duba ko zaman mashawarci da mai jaraba na cikin jerin, nawa aka sa masa, da kuma ko yaron da ya daina shan kodin shekara biyar da suka wuce yana da matakin farko da zai taka ya shiga aikin.